Gishiri a Gindin Allo

A wani ƙaramin gari bayan Lyon, Ruwaida tana jiran bis ɗin komawa Vénissieux. Dab da ita akwai allon ƙarfe na tunawa da wani hafsan sojan ruwa da ya yi suna a wani yaƙi. Wani tsoho yana tsaye gaban allon, dogo, busasshe. Yana goge sunan hafsan da hankici, a hankali, kamar mai wanke fuskar mamaci.

Halama jikansa ne, in ji Ruwaida a ranta. Har ta fara tausaya masa.

Sai tsohon ya durƙusa, ya zuba gishiri cikin kwalbar ruwa, ya girgiza, ya tsiyaye a gindin sandar allon, inda tsatsa ta riga ta cinye rabin ƙarfen. Ba yau ya fara ba.

Ya ɗago kai suka haɗa ido.

"Baba, ai kayar da shi za ka yi," ta ce da Faransanci.

"Waɗanda hafsan nan ya nutsar a teku ruwan gishiri suka sha, ɗiyata," ya ce. "Shi ma sai ya ƙoshi."