Yatsu Goma Cif

Shekara ashirin da shida yayana ya yi a gaban injin yankan ƙarfe, kuma ya bar kamfanin da yatsunsa goma cif. Kada ka raina wannan. A ɓangarensu kowa akwai abin da ya bari ƙarƙashin wuƙar nan, wani yatsa ɗaya, wani biyu, wani rabin tafi. Shi ya sa suke ce masa Mai-goma. Sirrinsa ɗaya ne: da zarar inji ya canja murya, sai ya saki komai ya ɗauke hannu, ba tunani, ba jira.

Da aka rufe kamfanin, wata tara ya yi a gida yana kwance rediyon da ba abin da ya same ta. Matarsa ta fara zancen kai yara gidan iyayenta, wai kafin abubuwa su daidaita. Ana nan sai muka ji wani dilan ƙwai yana neman mutum ɗaya da zai riƙa kai kaya shaguna a babur. Gwaji ran Asabar, a zagaya harabar sitonsa da kiret biyar na ƙwai a baya, kada ko ɗaya ya fashe. In ya samu aikin, yara za su zauna.

Yaya bai taɓa tuƙa babur ba, ni kuwa bakaniken babur ne, don haka koyarwa ta faɗo kaina. Kwana shida gare mu, a filin bayan gareji.

"Yaya, kuloci ba sakinsa ake yi ba, lallaɓa shi ake yi," na ce masa. "Sassauta kaɗan-kaɗan har ka ji babur ya fara ja, ka daure a nan, sannan ka ƙara wuta."

Ya ce to. Amma yana murɗa totur inji ya ɗaga murya, sai yatsun hagu su buɗe gaba ɗaya. Babur ya zabura, ya mutu. A buga kik, a sake, haka dai. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, bakina kuma ba shi da linzami. Rana ta uku na ce masa ko jaki aka nuna wa sau hamsin ai ya gane. Mutumin da ya goye ni a bayansa fa.

Bai yi fushi ba. Ya dubi hannunsa ya ce, "Auta, kaina ya gane tun ran farko. Hannun ne ba ya jin maganata." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya roƙe ni tsohon hannun kuloci haɗe da wayar kulocin, ya ɗaure a ƙafar teburin ɗakinsa. Yana zaune yana matsawa, yana saki a hankali, yana ƙirga har biyar. Ran Alhamis ya zagaya filin sau uku da kwanon ruwa a baya, ko ɗigo bai zuba ba. Ni sakarai har na fara yi masa ba'a ya ajiye mini fasassun ƙwai.

Ran Asabar ya tashi sumul, kiret biyar ko motsi. Ya ci rabin harabar. A kwana akwai ɗan rami, ya kama kuloci ya rage gudu, daidai yadda na koya masa. A lokacin ne mai walda da ke bayan katanga ya ɗora injinsa a kan ƙarfe, ƙarar ta tashi.

Hannu biyu ya ɗauke. Babur ya yi tsalle ya kwanta, gwaiduwa ta malala har bakin magudana.

Dilan bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi, "Sannu Baba, ba ka dai ji ciwo ba?" Sannan ya yafito wani saurayi da ke jiran nasa gwajin.

Na taras da Yaya zaune cikin ƙwan, ya buɗe hannuwansa yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suke yi a kamfani duk sanda aka tsallake rijiya da baya. Ya ce, "Goma ne." Na kama hannunsa na tashe shi.

Washegari ni na ɗaure jakunkunan yaran a bayan babur ɗin nan, na kai su gidan kakanninsu. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga musu hannu biyu har muka sha kwana.