Rariyar Mai Kunne

A makarantar ba mai kiran ta da sunanta. Mai Kunne suke ce mata, domin duk wanda ya kawo ƙarar cewa intanet ta ɗauke, amsarta ɗaya ce, bari in saurara. Sai ta jona kwamfutarta a akwatin da wayoyi ke haɗuwa, ta zauna tana karanta hirar da na'urori ke yi a tsakaninsu. Mijinta kan ce da za ta saurare shi rabin yadda take sauraron waya, da tuni ya ajiye tumbi.

Shekara tara ke nan tana aiki a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin bene, ita da fanka mai surutu. Abin tinƙahonta shi ne yadda ta raba waya guda gida uku: na malamai, na ɗalibai, na baƙi. Kowane saƙo na tafe da tambarin gidansu, ba mai leƙa tukunyar wani. Kwamfuta kuwa da an kunna ta sai ta fara kira a ba ta adireshi, babbar na'ura mai rabon adireshi ta amsa. In ba adireshi, ba ta da maraba da akwatin tufafi.

Da aka buɗe sabon ɗakin jarrabawa, ta yanka masa gida na huɗu. Baba Mai Tsani ne ya ja wayoyin, dattijon da ya koya mata matse kan waya tun ba ta san hagu da dama ba. Saura kwana biyu jarrabawa aka kunna kwamfuta arba'in, ko ɗaya ba ta samu adireshi ba.

Ta jona, ta sa rariyar da ta saba, wato umarnin da ke tace komai ya bar kiran adireshi kaɗai. Minti ashirin allo fari fat. To, in ba a ji kira ba, ai waya ce ba ta kawo shi ba. Haka ta gaya wa shugaban makarantar, da ƙarfinta kuwa. Shugaba dama ya daɗe yana cewa idon dattijon ya gaji, sai ya ce gobe zai sallame shi.

Baba bai yi musu ba. Ya dai saɓi tsaninsa ya hau bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ya tsaya mata a rai.

Da yamma ta cire rariyar gaba ɗaya, don kawai ta huta da waswasi. Sai ga su nan, duk arba'in, suna ta kira kamar 'yan tsaki. Ashe inda ta saba jonawa an riga an cire wa saƙo tambari, yau kuma ta jona a babbar hanya, inda kowa ke da nasa, rariyar ba ta gane su ba ta zubar da su kaf. Kira yana zuwa, amsa ce babu, domin ita da ta yanka gida na huɗu ta manta ba ta buɗe masa hanya zuwa babbar na'ura ba. Layin umarni ɗaya ta rubuta, ɗakin ya farfaɗo.

Kunya ta rufe ta. Ba wanda ya gani, da ta ga dama sai ta ce Baba ne ya gyara wayarsa. Amma ta hau bene ta warware wa shugaba zare da abawa, ya soke maganar sallama, sannan ta nufi ɗakin jarrabawa. Ta tarar da dattijon a kan tsani, ya kai waya ta talatin da ɗaya.

"Baba, sauko. Wayarka ba ta da laifi, kunnena ne."

"Na sani, 'yata. Tun kafin in miƙa ɗakin na gwada su duka."

Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa a gaban shugaba.

"In na faɗa, ke za a kalla. Ni ko an sallame ni, tsufa za a zaga."

Ya fara saukowa a hankali, gwiwa na ƙara. Ta riƙe masa tsanin da hannu biyu, ta kasa ɗaga kai.