Verlene Tubbs, 'Yar Marlow da Ta Tsufa a Detroit

Haihuwa da Karatu

An haifi Verlene a shekarar 1948 a garin Marlow na jihar Alabama. Mahaifinta Hosea Tubbs kafinta ne, mahaifiyarta Lutie kuwa mai wanki da guga. Ta yi karatu a makarantar baƙar fata da ke bayan layin dogo, inda ta shahara da son littattafai, alhali ɗakin karatun garin haramun ne gare ta saboda launin fatarta.

Gwagwarmaya

A bazarar 1963, lokacin da manya ke tsoron rasa aikinsu idan suka yi zanga-zanga, Verlene ta jagoranci ɗalibai suka fice ta tagar aji, suka shiga ɗakin karatun suka zauna. Aka kama su, aka kore ta daga makaranta. Da mahaifinta ya je fito da ita daga hannun 'yan sanda, ta ce, "Baba, ka yi fushi?"

Ya ce, "Taso mu tafi, sarkin taurin kai. Uwarki ta yi waken nan da kike so."

Bayan wata biyu aka cinna wa shagonsa wuta, iyalin suka yi hijira zuwa Detroit, birni mai sanyi can arewa. An buɗe ɗakin karatun ga kowa a 1965, ba tare da ta taɓa aron littafi a cikinsa ba.

Aiki da Aure

Ta kammala karatu a makarantar yamma, ta zama ungozoma a 1972. A shekarar ta auri Lemuel Gaither, direban bas. Kowace shekara takan shuka kuɓewa a bayan gida, sanyi ya kashe, Lemuel ya ce, "Ke dai ba kya jin magana, nan fa ba Alabama ba ce."

Takan ce, "Kai ne za ka gaya mini?"

Shekarun Ƙarshe

Sau ɗaya ta koma Marlow, a 1999. Ta tarar unguwarsu ta zama wurin ajiye motoci, kuma babu wanda ya gane ta. Ta kwana ɗaya ta dawo, amma har ta tsufa idan ta ce "gida", can take nufi.

Rasuwa

Ta rasu ranar 4 ga Maris, 2019, bayan gajeruwar jinya. Ta yi wasiyya a kai ta Marlow, sai dai tsohuwar maƙabartar cocinsu ta cika, don haka aka binne ta a Detroit kusa da mahaifinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Dwight, Corliss da Renita, dukkansu haifaffun Detroit.