Makin Kawu Abakar Ba Ya Shiga Gado

Shekara bakwai ke nan da muka kai Kawu Abakar makwancinsa a Omdurman, kuma har yau kamfanin jirgin da ya yi wa biyayya rabin rayuwarsa bai san ya mutu ba. Ko ya sani, bai dame shi ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwar turare da lalle. Yana saro kaya a Jidda da Dubai, wani lokaci ya leƙa Kano. Kakanninsu da ƙafa suka taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu, suka zauna. Kakarsu ta rasu ba ta ga Ka'aba ba. Mahaifiyata kuwa kowa Hajja yake ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace dattijuwa a nan, alhali ba ta taɓa tsallake Bahar Maliya ba. Sunan nan yana sukarta.

Da kamfanonin jirage suka fara raba katin tara maki, wanda in ka yawaita tafiya da su suke ba ka tikiti kyauta, abokan Kawu kowa ya kwashi uku ko huɗu. Shi ɗaya ya zaɓa, irin zaɓen da ake yi wa abokin ciniki a kasuwarmu: ka riƙe mutum ya riƙe ka, in ka mutu ya riƙe iyalinka. Ya ɗauka kamfanin ma haka ya fahimci maganar. Jirgi mai araha na nan, Kawu ya ƙi shiga. Ya gwammace ya wuni a kan benci a filin jirgin wata ƙasa yana jiran nasa.

"Yaya, da katin nan za ki ƙarasa tafiyar Kaka," in ji shi, "kuma a gaban jirgi, inda za ki miƙe ƙafa."

"Halas, ya isa haka ya Abakar, kai ni ko a tsaye ne."

"Saura kaɗan."

Yana da halin saya mata tikiti, kowa ya sani. Amma Kawu mutum ne mai taurin kai da son bajinta, yana so a ce amanar da ya riƙe ce ta kai yayarsa Makka. Su kuma duk lokacin da ya kusa sai su matsar da layi. Bana makin da ake nema ya ƙaru, baɗi babu kujerar kyauta cikin azumi, wata shekara wani ɓangare ya lalace saboda daɗewa, sai ka ce madara. Ana cikin wannan jan rai zuciyarsa ta tsaya a ƙofar shago.

Bayan an share makoki na ɗauki katin na je ofishinsu a Khartoum. Wani saurayi mai sheƙin takalmi ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malesh ya ustaz, sai haƙuri, maki ba ya shiga gado." Ko Allah ya jiƙansa bai ce ba. A makon nan ne wani dattijo abokin cinikin Kawu ya taso tun daga Nyala, ya zauna a shagon ya yi kuka, ya ce wa ɗan Kawu daga yau a hannunsa zai riƙa saye. Na dawo gida raina a dagule, har yau in na tuna sai na ji kamar in tofar da yawu.

Muka soma shirin kai ta da kanmu, annoba ta rufe hanya. Hanya na buɗewa yaƙi ya zo, filin jirgin kansa ya zama kufai. A bayan babbar mota muka fitar da Hajja zuwa Jabal Awliya, daga can muka ƙara gaba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, likita ya ce doguwar tafiya ta wuce ta.

Yaranmu da suka watsu Alƙahira da Jidda suna ta gardama a waya kan wane kati ya fi, wai wannan yana da ɗakin hutu da shayi kyauta. Ina tambayar kaina me Kawu zai ce da su. Ina jin sai ya fara kunyar kansa, sannan ya ce su tambayi kamfanin abu ɗaya kafin su karɓa: in na mutu, wa zai ci makin? Ni dai abin da nake ƙara musu shi ne, makin da ya isa tafiya a yi amfani da shi a ranar.

Na Kawu da ya saura shi ne mutanen da ya riƙe, har a gudun hijira suna neman ɗansa. Layin wayar Kawu yana hannuna. Makon jiya saƙo ya shigo, na karanta wa Hajja: kamfanin ya yi kewarsa, ya dawo kada ya rasa matsayinsa na mai katin zinariya. Ta ci gaba da jan carbinta.

"Ka ce musu ya riga ya tafi," ta ce. "Ni ce dai har yanzu nake jiran kujera."