Nauyin Bijimi a Ƙirjin Kawu

Jiya ƙwai ya suɓuce mini ya fashe, sai na tuna Kawu, malamin kimiyya. Wata rana a gidanmu na Daura ya sa muka ware zanen Inna muka riƙe shi a sama, ya wurga ƙwai ciki, bai fashe ba. Yana dariya, yatsunsa duk alli, ya ce, "'Yata, ƙarfin bugu nauyi ne sau gudu, a raba da lokacin tsayawa."

Da ɗan fashi ya harbe shi a hanyar Mai'adua, na yi lissafin ina kuka. Harsashin bai fi dabino nauyi ba, amma bugunsa ya kai nauyin bijimi a ƙirjin tsoho. Ban yafe ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya danne maharbin da nauyin nan har cikin kabarinsa.