Yaɓen Tsohon Burji

A shekarar 1953, lokacin da Rafi'u ya sauka a Jidda, ganuwar birnin ta riga ta zama labari. An rushe ta, an kwashe duwatsun, ba abin da ya tsira ta wajen unguwar Ammariyya sai guntun wata hasumiyar tsaro da ake kira Tsohon Burji. Dattawa suna cewa an gina shi tun ɗaruruwan shekaru domin hango jiragen abokan gaba a teku, daga baya sojojin Turkawa suka zauna a ciki, bayansu kuma jemagu. Ba shi da rufi. Da dutsen teku aka yi shi, mai huda-huda kamar saƙar zuma, gishiri yana cinsa sannu a hankali.

Abin da masu gari suka yar, baƙi suka tsinta. A inuwar kangon Hausawan unguwar suke raɗin suna, a nan masu ga-ruwa suke sauke garwa su huta. Amma babban aikinsa cigiya ce. Hanyar hajji ta ƙasa tana raba uwa da ɗa, saboda haka kowace Juma'a bayan la'asar akan hau karyayyar matakalar Burji a kira sunan wanda ya ɓace, da garinsu, da inda aka rabu. Tun daga gonakin audugar Sudan matafiya suka san cewa duk wanda ya ƙetare teku, a can zai fara tambaya.

Rafi'u ma yana da tasa cigiyar. A Sawakin, bakin tekun Sudan, ya bar ƙanwarsa Bashira a hannun wasu 'yan garinsu, domin ciwon ido ya hana a ɗauke ta a jirgi. Ya ce da ita in ta warke ta neme shi a Burji. Ya yi ga-ruwa har famfo ya kashe sana'ar, ya koma dako a tashar jiragen ruwa, ya sami iƙama, wato takardar izinin zama, ya auri Mastura, 'yar Hausawan Sudan. Maƙwabta suka yi ta ƙaura, shi ya ƙi motsi. Da yake Allah ya ba shi murya, sai ya zama shi ne mai kira wa kowa, kuma da sunan Bashira yake rufewa.

A 1974 wani maƙwabcinsa direba, Abdulghaffar, ya kawo labari: za a ja titi ta wurin, amma akwai kwamitin da zai zagaya ya duba tsofaffin gine-gine, wanda ya cancanta a bar shi.

Rafi'u ya dubi Burji kamar bai taɓa ganinsa ba. Bango a tsage, toka a lungu, kashin awaki ko'ina. A garinsu ba a tarbar babban baƙo da gida a zaizaye. Yaɓe ake yi.

"Malam, ai tsoho aka ce suna nema," in ji Mastura. "Kai kuma za ka yi masa kwalliyar ango?"

"To tsoho ba ya wanka ne? In suka gan shi haka, cewa za su yi juji ne."

"Halas, shi ke nan. Ni dai na faɗa."

Ya kira gayya. Mutane suka fito da zuciya ɗaya, mata suna dafa shayi, magina suna kwaɓa siminti ba ƙwauro. Aka shafe dutsen ciki da waje, aka yi farar ƙasa, aka ɗora kwano, aka kafa ƙofar ƙarfe koriya. Rafi'u ya sa farar riga ya tsaya a bakin ƙofa.

Motar kwamiti ta zo da hantsi. Babbansu ya fito, ya duba hagu, ya duba dama.

"Ina burjin, ya Hajji?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Mun gyara shi."

Mutumin ya ƙwanƙwasa bangon da zobensa. "Wannan ai shago ne. Wa ya ba ku izinin gini?"

Rafi'u ya ɗauki guduma ya hau dukan yaɓen domin ya nuna masa abin da ke ƙasa. Aikin ya yi kyau da yawa. Inda simintin ya ɓalle, da fuskar dutsen ya taho, sai farin gari kawai ke zuba. Aka ce da direban kwamiti yalla, suka tafi. Kafin wata ya mutu katafila ta share wurin.

Ba wanda ya zarge shi a fuska, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ya ci gaba da tsayuwa a gefen sabon titin ranar Juma'a, ƙarar motoci tana haɗiye kiransa, har masu saurare suka daina zuwa.

Bayan shekara huɗu wani ɗan kasuwa daga Bur Sudan, Na'ibi, ya ba shi labari cikin hira cewa a hajjin bara sun zo jirgi ɗaya da wata makauniya, ɗanta yana yi mata jagora. Ta yi ta sa shi yana tambayar masu tasi Tsohon Burji, ba wanda ya san shi, har jirgi ya koma da su.

"Yaya sunanta?"

"Wallahi, Hajiya kawai muke ce mata."

Rafi'u ya rasu a unguwar Waziriyya, a gidan haya. Jikokinsa suna zaune a unguwar Safa, suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Wurin da Burji yake yanzu mahaɗar titi ce, kuma har yau ba a san ko matar nan Bashira ce ba.