Jar Motar da Na Yi wa Ƙarya

Ba zan faɗi sunana ba, amma ba don kunya ba. Duk wanda ya sayi mota a Dutse a shekarun da ta zama babban birnin jiha ya san ni, ya san abin da na aikata, kuma har gobe ba na sunkuyar da kai in zan wuce ta tasha. Da ku nake, samari, musamman masu kwana da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, don ni ma naku ne.

Ɗan manomi ne ni daga wajen Miga. Na tashi a garejin Baba Sale, wani tsohon bakanike, shi ya koya mini duba mota kafin a saya. Ya ce kada in saurari dillali, in saurari inji da safe tun bai yi zafi ba. In sa yatsa a bakin salansa in ga ko baƙin mai zai biyo. In ɗaga kafet in duba ƙasa. Sannan ya ba ni wani ɗan maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo. A bi jikin mota da shi: inda ya kama, ƙarfe ne, inda ya saki, an cike gurbin haɗari an rufe da fenti. Ya ce wannan ɗan abin shi kaɗai ne a harkar mota ba ya karɓar na goro.

Da ma'aikata suka cika gari, kowa yana son mota 'yar Kwatano, sai na zama wanda ake kira. In na ce a saya, an saya. Farkon lalacewata kwalbar turare ce. Wani dillali ya miƙo mini ita don in kau da kai daga ɗigon mai. Na ce a raina ɗigo ne kawai. Daga nan agogo, daga nan shadda, har na saba barin maganaɗisun a aljihu.

A lokacin ina neman Hadiza, 'yar wani mai sayar da hatsi a Ringim. A motar haya nake zuwa zance, in sauka ina warin albasa. A littattafan da nake karantawa kuwa saurayi ba ya zuwa haka. Yakan tsaya da mota a ƙofar gida, ya sauke gilashi a hankali.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci wani ɗan kwangila ya rasu, ya bar matarsa, Hajiya Uwani, da marayu uku. A cikin dukiyarsa akwai wata jar mota mai ƙofa biyu, mai kujerun fata, ta kwanta ƙasa kamar za ta sha ruwa. Kafin a raba gado dole a yi wa kowace kadara ƙima, sai alƙali ya sa aka kira ni.

Na tayar da ita da sanyin safiya, injin ya amsa kamar mai numfashi cikin barci. Salansa fes. Ƙarƙashin kafet ko tabo babu. Na zagaye ta da maganaɗisu a ɓoye cikin tafin hannu, bai saki ko sau ɗaya ba. Da na zauna a ciki na ga kujera biyu ce a gaba, tawa da ta Hadiza, nan take na yanke shawara. Na fito na girgiza kai a gaban shaidu.

Hajiya tana takaba, daga bayan labule ta ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah?"

Na ce, "Tsakanina da Allah, Hajiya. Mota biyu ce aka yanka aka haɗa. Ko Shuwarin da ke nan kusa ba za ta kai ba sai ta rabe gida biyu."

Aka sayar da ita a matsayin gwangwan ga wani dillali, wanda ni na turo shi. Niyyata in ɓoye ta wata shida, in sauya mata fenti. Kwana tara na iya haƙuri. Ban taɓa fentin ba, don a mafarkina ja ce. Ranar kasuwa na tuƙa ta har Ringim, na tsaya a ƙofar gidansu Hadiza, na sauke gilashi a hankali.

Ta fito, ta daɗe tana kallon motar, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Wannan ba ita ce motar marayun Dutse ba, wadda aka ce ta mutu?"

Na manta cewa a duk jihar jar mota mai ƙofa biyu ɗaya ce, kuma direbobin hatsi suna kai labari tun kafin buhu ya sauka. Ta juya ciki. Kafin in dawo Dutse sammaci yana jirana.

A kotu alƙali ya sa aka kira Baba Sale. Ya karɓi maganaɗisun daga hannuna, ya zagaye motar a gaban jama'a, abin yana mannewa ko'ina. Da ya gama, ya jefa shi a aljihunsa. Aka yi mini bulala, aka ɗaure ni shekara biyu. A gidan yari kowa yana da wanda ya ɗora wa laifi: talauci, abokai, mace. Ni na ƙi. Littafi bai rantse ba, Hadiza ba ta rantse ba. Bakina ne.

Da na fito na tarar Hadiza ta auri wani malamin makaranta mai babur. Motar kuma tana nan a harabar kotu, don rigimar dillalin ta hana a sake ta da wuri. Tayoyi sun zauna, fata ta tsage, ruwan damina ya cinye ƙasanta. Ƙaryata ta zama gaskiya.

Na je na durƙusa a zauren Hajiya ina neman gafara. Ta ce, "Hawayenka ba zai ciyar da 'ya'yana ba. Kai ka ce ta mutu, to je ka tashe ta."

Da kotu ta saki motar, Baba Sale ya ba ni lungu a garejinsa. Shekara ɗaya da rabi ina kanta. Masu wucewa suna kirana angon jar mota, ni kuwa in ɗaga musu hannu da sifana. Wanda ya sha bulala a bainar jama'a, dariya ba ta kayar da shi.

Ranar da mai saye ya zo daga Kano, na roƙi Baba Sale maganaɗisun. Na nuna wa mutumin wuri uku da ya saki, na ce nan ni na cike da hannuna. Wani dillali ya taka mini ƙafa don in yi shiru, na ture shi. Mutumin ya saya, ba da darajarta ta da ba, kuma wannan giɓin yana wuyana har kabari. Da na kai wa Hajiya kuɗin, ta sake yi mini tambayar nan tata, na amsa da kalmomin da na amsa da su a farko, wannan karon ina kallon labulen. Da na miƙa wa Baba Sale abinsa, ya ce in riƙe.

Samari, na tuba, kuma masu cewa ɓarawo ba ya sauyawa su zo gareji su same ni. Ku yi mafarkin mota, ban hana ku ba. Amma ranar da wani ya miƙo muku kwalbar turare don ku kau da kai daga ɗigon mai, ku mayar masa da abarsa tun ba ku buɗe murfin ba.